Libarba a kantunan bindiga na Amurka: masoyanta sun ce da tsohuwar zuma ake magani

Duk wanda ya yi zamanin siliman fili, inda ake zama bisa benci ana kallon farin bango, bai mance da kaboyi ba. Ga shi nan bisa doki, da faffaɗar malfa, da ɗamara a ƙugu, da ƴar gajerar bindiga rataye a cinya. In an tashi daga silima, sai ka ga yara sun miƙe yatsa suna halbin juna da baki. Abin ya shiga ran samari ƙwarai, har ya kai a shekarar 1966 marigayi Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin magabatan masu shirya fim na Nijar, ya yi fim bisa wanga al'amari, mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. A cikinsa wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, sunka hau dawaki, sunka addabi gari, wasa ya rikiɗe ya zama ta'asa.

Waccan ƴar bindigar ta kaboyi ita ce libarba. Sunan ya fito ne daga kalmar Turawa mai nufin abu mai juyawa. Yau kusan shekara 190 ke nan da ta shigo kasuwa, kuma a Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan bindiga a hannun farar hula, akwai jama'a masu yawa da ke sonta so na gaske. Sai dai kukansu guda ne: in sun shiga kantin bindiga, sai su tarar an tura ta ƙurya, sababbin bindigogin roba sun cika gaban kanti. Mene ne suke nema? Me ya sa samunsa ya yi wuya? Kuma nawa ne kuɗɗin wanga so, in an lissafa shi da rayuka?

Mece ce libarba?

Ƙananan bindigogin hannu iri biyu ne. Ta farko libarba. A tsakiyarta akwai ƴar ganga ta ƙarfe mai ramuka, galibi biyar ko shidda, kowane rami da harsashinsa. Duk sa'ad da za a yi halbi, gangar na juyawa ta kawo sabon rami daidai da bututu, sa'an nan ƴar guduma da ke baya ta faɗa. Kwanson harsashin da anka halba yana nan zaune cikin raminsa har mai bindiga ya fidda shi da hannu.

Ta biyu pistole, wadda ke ɗura kanta. Harsasanta suna jere ne cikin wani gida da ake cusawa a cikin mariƙi, kuma ƙarfin halbin shi ke tofar da kwanso ya ɗora sabon harsashi. Pistole ta zamani tana ɗaukar harsashi 15 ko 17, wani lokaci fiye da haka.

Ita ma libarba kashi biyu ce. Akwai mai aiki guda, wadda sai an ja guduma baya da babban yatsa kafin kowane halbi: ita ce ta kaboyi. Akwai mai aiki biyu, wadda jan kunama kaɗai ke ɗaga guduma ya sake ta: ita ce ta ƴan sanda. Lambobin da ake kiran su da su, kamar 22 da 38 da 45, awon kaurin harsashi ne da inci. Lamba 22 ta kai milimeta 5 da rabi, lamba 38 wajen milimeta 9, lamba 45 kuwa ta haura milimeta 11.

Daga Samuel Colt zuwa ɗamarar ƴan sanda

An haifi Samuel Colt a garin Hartford na jihar Connecticut a 1814. Akwai waɗanda sunka riga shi tunanin bindiga mai juyawa, amma shi ne ya fara ƙera wadda ta karɓu a kasuwa. Ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1836, ya buɗe ma'aikata a garin Paterson, yana ƙera libarba mai halbi biyar. Ciniki bai yi ba, kampanin ya karye a 1842. Abin da ya tashe shi yaƙi ne. Lokacin yaƙin Amurka da Meksiko, wani kaftin mai suna Samuel Walker ya neme shi, gwamnati ta yi odar libarba 1000 a 1847. Wagga bindiga mai halbi shidda nauyinta ya kai kilo biyu, har ma a jikin sirdi ake rataye ta.

Waɗanga na farko ana ɗura su ne kamar yadda mahalbanmu ke ɗura bindigar gargajiya: a zuba albarushi, a danna dalma, sa'an nan a sa ƴar hular da ke ta da wuta. A 1857 ne Horace Smith da Daniel Wesson, a garin Springfield, sunka fito da libarba mai cin harsashi haɗaɗɗe cikin kwanso. Sa'an nan a 1873 kampanin Colt ya fidda wadda ta fi kowace suna, Single Action Army, mai lamba 45, wadda sojan Amurka sunka riƙe har 1892. Ita ce muka sani a silima. A Turai ma haka abin yake: sojan Ingila sun ɗauki libarbar Webley a 1887, Faransa kuwa tana da samfurin 1873 da na 1892, waɗanda ake ƙerawa a Saint-Étienne. Irinsu ne hafsoshin Turawa ke ratayawa a zamanin da sunka shigo ƙasashenmu.

Sojan Amurka sun koma ga pistole tun 1911, amma ƴan sanda ba su bi su ba. A 1899 Smith & Wesson ya fidda libarba mai lamba 38 wadda daga baya anka sa wa suna Model 10. An ƙera ta fiye da miliyan 6, kuma kusan shekara tamanin ita da ƴan uwanta ne a ƙugun ɗan sandan Amurka. A 1935 anka shigo da harsashi mai ƙarfi da ake kira 357 Magnum. A tsakiyar shekarun 1950 kuma anka samu 44 Magnum da libarbarsa, Model 29, da kuma Python ta kampanin Colt, wadda ta fito a 1955. Wancan lokaci shi ne ganiyar libarba.

Yadda kiɗa ya sake

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A farkon shekarun 1980 wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, Gaston Glock, wanda bai taɓa ƙera bindiga ba, ya fito da pistole mai gangar jiki ta roba mai tauri, marar nauyi, mai cin harsashi 17. Sojan ƙasarsa sunka ɗauke ta. A 1985 sojan Amurka sunka zaɓi pistole ta kampanin Beretta na Italiya. Sa'an nan ranar 11 ga Afirilu 1986, a birnin Miami, jami'an hukumar bincike ta FBI sunka yi arangama da ƴan fashi biyu. An kashe ƴan fashin, amma jami'ai biyu sun mutu, biyar sun ji rauni. Da yawa daga cikinsu libarba ke hannunsu, kuma wanda ya ji rauni a hannu ya sha wuyar sake ɗura ta ana tsakiyar wuta. Daga nan hukumomin ƴan sanda sunka riƙa ajiye libarba ɗaya bayan ɗaya. Birnin New York ya fara sauyin a 1993, ya kammala shi a 2018.

Abin da ɗan sanda ya rataya, shi farar hula ke saye. Lissafin hukumar ATF, mai kula da sha'anin bindigogi a Amurka, ya nuna haka sarai. A 1986 an ƙera libarba wajen dubu 761 a ƙasar, pistole kuwa dubu 663. Tun daga shekarar da ta biyo baya pistole ta wuce gaba, ba ta sake komawa baya ba. A shekarar 2000 libarba ta faɗi har wajen dubu 320. A 2021 an ƙera pistole miliyan 6 da dubu 750, libarba kuwa miliyan 1 da dubu 160.

A lura da waɗanga lambobi da kyau. Libarbar da anka ƙera a 2021 ta fi ta 1986 yawa. Ashe ba mutuwa ta yi ba. Kasuwar ce ta yi girma ƙwarai, pistole ta kwashe kusan dukan ƙarin. Inda dā ake ganin libarba guda kusa da pistole guda, yanzu sai an ƙidaya pistole kusan shidda kafin a ga libarba guda. Wanga shi ne abin da masoyanta ke gani da ido in sun shiga kanti.

Abin da masoya ke nema

So hana ganin laifi. Amma masoyan libarba ba kansu ɗaya ba, kowane rukuni da abin da ya ja shi.

Rukuni na farko su ne masu ƙaunar aikin hannu. A wurinsu libarba kamar takobin da maƙerin kirki ya ƙera ce, ko sirdin da baduku ya ɓata wata guda yana yi wa ado. Suna son ƙarfe da icce, ba su son roba. Suna son tsohon rinin ƙarfe mai shuɗi-baƙi, wanda a jikin Python yake ƙyalli kamar turkuɗin da ya sha bugu. Suna sa kunne su ji ƙarar ganga in tana juyawa, suna gwada laushin kunama da yatsa. A dā ma'aikaci guda ne ke zama da magagari yana daidaita ƙananan ƙarafan cikin kowace Python, shi ya sa suke cewa ba biyu da ke daidai da juna.

Rukuni na biyu su ne masu neman sauƙi. Hujjarsu ita ce libarba ba ta da maɓallai masu yawa, ana iya buɗe ganga a gani da ido ko da harsashi ko babu, kuma ba a bukatar ƙarfin hannu don ja da wani ƙarfe baya kamar yadda pistole ke bukata. Waɗanga sun fi son ƙanana masu harsashi biyar da gajeren bututu, irin wadda Smith & Wesson ya fara fiddawa a 1950 da sunan Chief's Special, ko LCR ta kampanin Ruger da ta fito a 2009. Masu koyar da halbi kuwa suna yi musu gargaɗi: ƙaramar libarba tana da nauyin kunama, tana da shuri, kuma ba ta saurin ba sabon hannu daidai.

Rukuni na uku mahalba ne da masu shiga daji. A jihohi irin su Alaska da Montana, inda akwai manyan namun daji masu haɗari, ana neman libarba mai harsashi mai ƙarfi, domin ƙirarta ta fi jure irin wanga harsashi. Don su ne Smith & Wesson ya fidda Model 500 a 2003, mai kaurin harsashi rabin inci. Da yawa kuma suna son 357 Magnum saboda tana cin harsashi iri biyu, nata da na lamba 38 mai arha da sauƙin shuri.

Rukuni na huɗu su ne ƴaƴan silima. Kampanin Colt ya daina ƙera libarbar kaboyi a farkon yaƙin duniya na biyu, amma finafinan kaboyi na telebijin sunka ta da kwaɗayinta. Ruger ya riga shi da Single-Six a 1953 da Blackhawk a 1955, shi ma Colt ya komo da tasa a 1956. A 1971, da fim ɗin Dirty Harry ya fito, inda Clint Eastwood ke riƙe da Model 29, sai da ta yi wuyar samu a kantuna. A 1987 kuma anka kafa wata ƙungiya mai suna SASS, inda dattawa da matansu ke sa tufafin zamanin kaboyi, kowa ya laƙaba wa kansa suna, su yi gasar halbin faranti na ƙarfe da bindigogin ƙirar ƙarni na 19. Abin da samarin fim ɗin Mustafa Alasan sunka yi a ƙauye, shi waɗanga ke yi a fili mai shinge, da alƙalai da dokoki.

Rukuni na ƙarshe masu tarawa ne, waɗanda ba su ma halbawa. A 2018 an sayar da Colt Walker guda a gwanjo dalar Amurka miliyan 1 da dubu 840. A 2021 libarbar da Pat Garrett ya kashe ɗan fashin nan Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dalar Amurka miliyan 6, wato fiye da miliyar 3 na kuɗɗin sefa. A tuna dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Rigimar ɗan rami

Akwai wani labari da ke nuna yadda waɗanga mutane ke da riƙo. A watan Maris na 2000 kampanin Smith & Wesson, wanda a lokacin yana hannun wani kampanin Ingila, ya sa hannu bisa yarjejeniya da gwamnatin shugaba Bill Clinton, ya yarda da wasu matakan tsaro, har da sa wa bindigoginsa makulli. Masu saye sunka yi fushi, sunka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi. A 2001 anka sayar da shi ga wani ƙaramin kampanin Amurka mai ƙera makullan bindiga, kuma daga nan galibin libarbarsa sunka riƙa fitowa da ɗan ramin mabuɗi a gefen hagu.

Manufar makullin ita ce kada yaro ya ɗauki bindiga a gida ya halba. Masoya kuwa sunka ce ramin ya ɓata fuskar bindiga, kuma ƙari ne na abin da zai iya lalacewa. Shekara ashirin da ƴan kai suna wanga ƙorafi, suna bin tsofaffin da ba su da rami suna saye da tsada. A farkon 2025 kampanin ya sake fiddo da wasu tsofaffin samfura uku, Model 10 da 19 da 36, ba tare da makullin ba. Mai kuɗɗi a hannu shi ke da magana a kasuwa.

Me ke cikin kanti yau?

Wanda ya shiga kantin bindiga a Amurka, abin da zai fara gani a bango baƙaƙen dogayen bindigogi ne irin ƙirar AR-15. Cikin akwatunan gilashi kuwa pistole ne jere, na Glock da SIG Sauer da sauransu. Libarba tana can gefe, kuma galibi ko dai ƙanana ne na aljihu, ko masu arha na lamba 22, irin Rough Rider ta kampanin Heritage da Wrangler da Ruger ya fidda a 2019, ko kuma na kampanin Taurus na Brazil. Manya masu rinin shuɗi da mariƙin icce, waɗanda masoya ke mafarki, sau da yawa sai an yi oda an jira.

Dalilan haka uku ne. Na farko tsadar ƙira. Gangar jikin pistole ta roba zuba ta ake yi cikin mazubi, kamar yadda ake yin bokiti. Ta libarba kuwa sai an sassaƙe ta daga dunƙulen ƙarfe, kuma tilas kowane rami na ganga ya tsaya daidai da bututu, ba kuskuren ko da kaurin gashi. Wanga aiki yana cin lokaci da gwanaye, gwanayen kuwa sun tsufa. Na biyu, mai kanti ɗan kasuwa ne: ba ya son ya zuba jarinsa cikin kayan da za su yi wata shidda suna kallonsa. Na uku, manyan kampanoni na dā sun sha wahala. Colt ya daina ƙera Python baki ɗaya a 2005, ya shiga kotun karayar arziki a 2015, kuma a 2021 wani kampanin ƙasar Cek mai suna CZ ya saye shi. Ma'aikatar Winchester ta garin New Haven ta rufe a 2006, dogayen bindigoginta na kaboyi yanzu a Japan ake ƙera su. Remington ya karye a 2020, Ruger ya sayi sunan Marlin daga cikin kayansa, kuma tsohuwar ma'aikatar Remington ta garin Ilion ta rufe a 2024.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Da tsofaffin Python sunka yi tsada a hannun masu tarawa, Colt ya ga akwai riba, ya komo da Cobra a 2017, ya komo da Python a watan Janairu na 2020 bisa dalar Amurka 1499, kusan jika 900 na kuɗɗinmu a lokacin. Wanga kuɗɗi zai sayi pistole ta roba biyu har da saura. Sabuwar an yi ta ne da ƙarfe marar tsatsa, injuna ne sunka yi mafi yawan aikin, kuma har yau ana gardama tsakanin masu cewa ta fi tsohuwar ƙarko da masu cewa ba ta kai ta kyau ba.

Abin mamaki, libarbar kaboyi ta Amurka galibinta daga Italiya take zuwa yanzu. A yankin Brescia akwai kampanin Uberti, wanda anka kafa a 1959, da kampanin Pietta, suna kwaikwayon ƙirar Colt da Remington na ƙarni na 19 suna aikawa Amurka. Wanda kuwa ke neman tsohuwa ta ainihi, sai ya bi akwatin kayan hannu a ƙuryar kanti, ko kantunan jingina, ko kasuwannin baje kolin bindiga, ko gwanjon intanet.

Abin da doka ta ce

Tsarin mulkin Amurka, cikin gyara na biyu na 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami, kuma a 2008 kotun ƙoli ta tabbatar da cewa haƙƙin na mutum ne shi kansa. Amma kanti ba ya sayarwa haka kawai. Dokar tarayya ta 1968 ta ce sai mai lasisi ke cinikin bindiga, kuma ta sa shekara 21 ga mai sayen bindigar hannu a kanti, 18 ga doguwa. Mai saye yana cika takarda, kuma tun 1998 mai kanti yana tambayar FBI ko mutumin yana da laifin da ya hana shi. Wanda ya saya ta intanet daga wata jiha, sai an aika bindigar ga mai kanti mai lasisi ya karɓa a can. Kowace jiha kuma tana da nata ƙarin dokoki, wasu masu tsanani, wasu masu sassauci.

Bindigogin da anka ƙera a 1898 ko kafin nan, da masu cin albarushi irin na dā, dokar tarayya ba ta sa su cikin wanga tsari ba. A Faransa ma baligi yana iya sayen kwaikwayon libarba mai albarushi, alhali ta zamani sai da izinin hukuma. Ingila kuwa, bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, ta hana farar hula riƙe kusan dukan bindigogin hannu a 1997.

Kuɗɗin da ba a rubutawa bisa takarda

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Libarba, komi kyan rininta, don kisa anka ƙera ta. Da libarba anka halbe shugaban Amurka James Garfield a 1881, da shugaba William McKinley a 1901, da sanata Robert Kennedy a 1968, da mawaƙi John Lennon a 1980. Da wata ƴar libarba mai arha ta lamba 22 anka halbi shugaba Ronald Reagan ranar 30 ga Maris 1981. Ya tsira, amma kakakinsa James Brady ya naƙasa har ƙarshen ransa, kuma sunansa anka sa wa dokar 1993 wadda ta kawo binciken mai saye.

Wata cibiyar bincike ta Geneva, Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato bindiga 120 ga kowane mutum 100. A 2021 mutum 48,830 sunka mutu ta hanyar bindiga a ƙasar, bisa lissafin hukumar lafiya ta CDC. Fiye da rabinsu, mutum dubu 26 da ƴan kai, su ne sunka kashe kansu. Wato sau da yawa bindigar da anka saya don ɓarawo, a cikin gida take yin ɓarna.

Ko masu wasa da ita ba su tsira ba. Tsohuwar libarbar kaboyi, in ta faɗi ƙasa bisa gudumarta, tana iya tashi da kanta. Don haka ne mutanen dā ke sa harsashi biyar cikin ramuka shidda, su bar guduma bisa ramin da ba komi, kuma don haka ne Ruger ya sake ƙirar tasa a 1973. Ranar 21 ga Oktoba 2021, a jihar New Mexico, ana shirya wani fim ɗin kaboyi mai suna Rust, libarbar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin ta tashi, ashe da harsashi na gaske a cikinta. Mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta mutu, mai ba da umurni ya ji rauni. Bindigar kwaikwayon Colt ta 1873 ce, ƙirar Italiya, irin wadda masoya ke yabo.

Masoyan libarba na kirki sun san haka. Su ne ke cewa a ɗauki kowace bindiga tamkar a ɗure take, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin halbi, a kulle ta nesa da yara. Suna da gaskiya in sun ce aikin hannun magabata bai kamata ya ɓace ba, kuma kasuwa ta fara jin kukansu. Amma mai karatu na nan ƙasar, inda ba a riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma, inda kuma ranar 25 ga Satumba 2000 anka tara makamai fiye da dubu a Agadas anka cinna musu wutar zaman lafiya, yana da damar ya auna abin da ma'auninsa. Kaboyin silima in an halbe shi, gobe da dare za ka sake ganinsa bisa dokinsa. Wanda harsashi na gaske ya samu, sai dai a yi wa iyalinsa gaisuwa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.